Wace firamare ta fi? Kafin a yanke hukunci a leƙa a ga su waye a cikin ajin

Duk shekara idan sakamakon kwaman entirans ya fito hirar majalisa a garuruwanmu kusan ɗaya ce. Za ka ji ana cewa ai Santaral ta cikin gari ta tura yara kaza makarantar kwana, ita kuwa ta ƙauyen su wane ko ɗaya ba ta samu ba, daga nan sai a yanke hukunci nan take, wai malaman can ba sa aiki, hedimastan ya kwanta, a ɗauke shi kawai. Mai ɗan hali kuma sai ya fara lissafin yadda zai mayar da ɗansa gidan ƙanwarsa a cikin gari ko ya kai shi makarantar kuɗi. Ni ban ce iyaye ba su da haƙƙin kwatanta makarantu ba, suna da shi ɗari bisa ɗari, ɗanka ne, kuma shekara 6 a rayuwar yaro ba wasa ba ce. Abin da nake so mu duba shi ne ma'aunin da muke awo da shi, don wallahi sau da yawa abin da muke ɗauka ƙoƙarin makaranta ne ba komai ba ne illa bambancin gidajen da yaran suka fito da kuma yawan ranakun da suka samu suka zauna a aji.

Bari mu fara da shi kansa sakamakon. Takardar da yaro yake kawowa gida ƙarshen zango, wadda aka rubuta ya zo na ɗaya ko na goma, ba ta gaya maka komai a kan wata makaranta, saboda malamin ajin ne ya fitar da tambayoyin, shi ya maka, kuma da 'yan ajinsu kawai aka gwada yaron. Na ɗaya a wannan makarantar in ka kai shi waccan yana iya zama na ashirin, haka nan na ashirin ɗin can yana iya zuwa nan ya zama zakara. Sannan kusan ba a maimaita aji a makarantun gwamnati, shekara ta zagayo kowa ya wuce gaba, ko ya iya ko bai iya ba, don haka cewa yaro yana aji 5 ba shaida ba ce ta cewa ya san karatun aji 5. Ita kuma jarrabawar shiga makarantun tarayya da hukumar NECO take shiryawa, wadda da ita ake shiga irin su ta Kiyawa da ta 'yan mata ta Kazaure da ta Minjibir, ai sai an biya kuɗi an yi rajista, to wa yake biya? Ɗan malami, ɗan ma'aikacin ƙaramar hukuma, ɗan mai shago a bakin kasuwa. A aji mai yara da yawa 'yan ƙalilan ne za su zauna, yawancinsu ma an yi musu lesin na musamman da yamma. Idan suka ci, madalla, abin farin ciki ne, amma wannan labarin waɗannan 'yan ƙalilan ɗin ne, sauran da suke zaune a ƙasa can bayan aji babu wanda ya auna su.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harkar ta kwatanta makarantu sun sha wannan muhawarar tun da daɗewa. A Amurka tun 1966 wani bincike da James Coleman ya jagoranta, wanda ya duba ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa yanayin gidan da yaro ya fito da irin yaran da yake karatu tare da su suna da tasiri a kan makinsa fiye da bambancin gini da kayan aiki tsakanin makarantu. A 2002 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta tilasta a riƙa yi wa yaran makarantun gwamnati jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, kuma a fitar da sakamakon kowace makaranta a fili, a rarraba shi kashi-kashi, na 'ya'yan marasa ƙarfi daban, na waɗanda Turanci ba shi ne harshen gidansu ba daban, na masu buƙata ta musamman daban, har da launin fata. Shi ya sa can idan uba yana neman makaranta zai ga makin, kusa da shi kuma zai ga kashi nawa na yaran ne suka cancanci abincin rana kyauta ko a rangwame, wanda shi ne alamar talauci da suka fi amfani da ita. Abin da suka yi ta gani shi ne makin yana bin arzikin unguwa sawu da ƙafa. A Ingila ma daga 2016 babban ma'aunin sakandarensu ya koma ci gaban da yaro ya samu daga inda ya shigo zuwa inda ya fita, ba makin ƙarshe kaɗai ba. Ban kawo su don a kwaikwaye su ido rufe ba, tsarinsu yana da nasa matsalolin, malamai da yawa sun koma koyar da yadda ake cin jarrabawa kawai. Amma abu ɗaya sun gane wanda mu har yanzu ba mu sa shi a lissafi ba, ba a karanta maki sai an karanta su waye yaran.

Toh mu a nan Kano da Jigawa launin fata ba shi ne ya raba mu ba, idan ka shiga aji duk yaran kamar gida ɗaya suka fito, yunifom iri ɗaya, hijabi iri ɗaya, yawanci addini ɗaya, shi ya sa mutane suke ganin babu wani bambanci da za a yi magana a kai. Akwai shi fa, kuma mai zurfi, sai dai ba a ganinsa daga bakin taga.

Ɗauki 'yan aji ɗaya a makarantar cikin gari, hedikwatar ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai wanda ya yi nazare shekara biyu kafin ya zo, ya san riƙe fensir, ya san A B C har da waƙarta. Akwai wadda uwarta ta gama sakandare, da daddare tana buɗe jakarta ta ce mu ga abin da aka yi muku yau. Akwai wanda yayansa yana jami'a a Wudil ko Dutse ko Kafin Hausa, ya taso yana ganin littafi a ɗaki. Yanzu ka hau mashin ka bar kwalta ka shiga ƙauye, can za ka tarar da yaron da ranar da aka kawo shi makaranta ita ce ranar farko da ya taɓa riƙe fensir, yana damƙe shi a tafin hannu kamar zai soka, kuma a duk gidansu babu wanda zai iya duba littafinsa ya ce nan ka yi daidai nan ka yi kuskure, ba don ba sa ƙaunarsa ba, don su ma ba su samu ba. Waɗannan yaran biyu manhaja ɗaya aka ba malamansu, mako ɗaya aka ce su gama babi kaza. Idan bayan shekara 6 na farko ya fi na biyu maki, nawa ne aikin makaranta a ciki, nawa ne na gida? Kamar ka gwada buhunan da aka samu a gonar fadama da na gonar tudu mai rairayi ne ka ce wannan manomin ya fi wancan ƙwazo, alhali ba ka tambayi irin ƙasar da kowa ya samu ba.

Sai maganar shekaru. A ƙa'ida ɗan shekara 6 ne yake shiga aji ɗaya, amma a ƙauye za ka ga ɗan shekara 4 da aka haɗo shi da yayarsa don uwa ta samu ta yi aiki, ga kuma ɗan shekara 10 da sai yanzu ya dawo daga tsangaya aka ce ya shiga boko, duk a tabarma ɗaya. Wannan babban fa ba jahili ba ne, yana iya karanta allonsa tiryan-tiryan, ya saba da zama da hadda da bin malami, sau da yawa in aka samu wanda ya san yadda zai ja shi cikin 'yan watanni yake wuce sauran. Amma a takardar boko sunansa wanda bai iya karatu ba, kuma kunyar zama da ƙannensa tana korar irinsu da yawa kafin su kai ko'ina. Makarantar da rabin yaranta irin waɗannan ne aikinta daban ne da wadda yaranta duk sa'o'in juna ne.

Ga harshe. Muna yawan mantawa ba kowane yaro ne a jihohin nan biyu yake tashi da Hausa a bakinsa ba. Yaron ruga da Fulatanci ya tashi, a gabashin Jigawa wajen su Birniwa da Guri akwai Mangawa da Badawa. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, akwai makarantunsu, amma yaran Fulani da yawa firamaren ƙauyen da ke kusa da su suke zuwa, a nan kuma malami yana bayani da Hausa, littafi yana Turanci, shi yaro yana tunani da Fulatanci. Shi kansa ɗan Bahaushen ma ba ya tsira, don manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da harshen yankin a shekaru 3 na farko sannan a koma Turanci daga aji 4, a 2022 gwamnatin tarayya ta ce a'a a yi shekara 6 cif da harshen uwa, zuwa ƙarshen 2025 kuma aka ce an soke wannan a koma Turanci. Ana ta wannan kai-komon a Abuja, shi kuwa malamin ƙauye abin da yake yi bai canza ba, ya rubuta da Turanci a allo ya fassara da Hausa, yara su kwafa ba tare da sun san me suka kwafa ba, jarrabawar da ake gwada makarantu da ita kuma da Turanci take zuwa. Ɗan cikin gari da yake jin Turanci a talabijin da waya da bakin 'yan uwansa ya riga ya samu rata tun kafin a raba takarda.

Amma a ganina babban abin da ya fi raba makarantunmu, wanda kuma aka fi ɓoyewa, shi ne bambancin rajista da zuwa. Sunan yaro a rajista abu ne daban, zamansa a aji abu ne daban. Lokacin da aka kawo shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya a 2016, wanda yake na 'yan aji 1 zuwa 3, duk inda abincin ya kai an ga yadda yara suka cika makaranta, abin alheri ne babu shakka, yaron da ya ci abinci ya fi mai jin yunwa fahimta, sai dai kuma duk lokacin da abincin ya tsaya sunayen suna nan a littafi amma masu sunan da yawa sun koma. Kuma ka duba yadda kalandar makaranta ta faɗa a kan kalandar manomi. Zangon farko yana farawa a Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna, daga nan sai wake da gyaɗa da riɗi da dawa har zuwa Nuwamba, duk hannun da ke gida ana buƙatarsa. Zango na uku kuma shi ne yake cin karo da faɗuwar damina, shuka da noman farko. A yankin noman rani irin su Kura da Bunkure da Garun Malam ko kwarin Haɗeja ma babu hutu, in ba tsinkar tumatir ba to korar tsuntsu a gonar shinkafa, kuma aikin yara ne wannan, tun asuba. Sai ranar kasuwa, wanda yake kusa da Maigatari ya san yadda Alhamis take, na kusa da Wudil ya san Juma'a, ajin sai ya koma rabi. Sannan a 2022 da ambaliya ta cinye garuruwa da yawa a Jigawa makarantu da dama ne suka koma masaukin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu, wasu kuma hanyar zuwa ta yanke gaba ɗaya na makonni. Babu wani rizal da zai nuna maka wannan.

Akwai wata yarinya da na sani, 'yar aji 4, kullum sai wajen ƙarfe goma take shigowa, an riga an fita tara an dawo, robar ƙosan da ta sayar tana cikin jakar littafinta har man ya ɓata bangon littafin. Ba ta fashi, kullum tana zuwa, a rajista ba ta da jan biro ko ɗaya. Amma lissafi da Turanci da safe ake yinsu, lokacin da kan yara yake sabo, don haka ita kusan ba ta taɓa zama darasin lissafi daga farkonsa ba. Irinta nawa ne a aji? A wata makarantar biyu ne ko uku, a wata kuma su ne ajin. Wanda bai san wannan adadin ba bai san makarantar ba ko da ya haddace sakamakonta.

Wannan ya kawo mu kan 'yan mata, da wani abu da yake ruɗar mutane ƙwarai. A aji ɗaya a ƙauyuka da yawa yanzu mata suna da yawa alhamdulillahi, wani wurin ma har su kusa kamo maza ko su fi su. Ka bi su zuwa aji 5 da 6 ka ga yadda layinsu yake raguwa, talla ta ɗauke wasu, raino ya ɗauke wasu, wasu an fara maganar aure, wasu kuma iyayen sun duba sun ga babu ƙaramar sakandare a kusa, to in ta gama 6 ɗin ma ina za ta, gara ta tsaya a Islamiyya. Su ma mazan kiwo da gona da ci-rani suna jansu. Waɗanda suke fara zubewa kuwa yawanci su ne waɗanda karatun ya yi wa nauyi da waɗanda gidansu ya fi rauni. To ka ga abin da hakan yake haifarwa a lissafi. A ce makarantu biyu kowacce ta ɗauki yara 120 a aji ɗaya, misali nake bayarwa. Ta farko yara 40 ne suka kai aji 6, a cikinsu 30 sun iya karatu, kashi 75 cikin 100 kenan, kowa zai yaba. Ta biyu hedimastanta ya bi gida-gida, ya haɗa kai da mai unguwa da liman, ya riƙe yara 90 har aji 6, a cikinsu 50 sun iya karatu, wato kashi 55 da ɗoriya. A takarda ta farko ta fi. A gaskiya kuwa ta biyu ta koya wa yara 50 karatu, ta farko 30, kuma ta biyun ta riƙe wasu 40 da har yanzu akwai damar a ceto su. Idan muka ci gaba da yabon kaso kawai muna gaya wa hedimastoci ne a fakaice cewa ribarsu tana cikin barin masu rauni su tafi, kuma wannan abin yana ci mini rai sosai.

Sai malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin takardar koyarwa ita ce NCE. Kowa ya san yadda abin yake a ƙasa, amma matsalar ba ƙarancin malamai ba ce kaɗai, rabonsu ma matsala ne. A ƙaramar hukuma ɗaya za ka samu makarantar cikin gari malamai sun yi yawa har wasu suna zaune a ƙarƙashin bishiya babu ajin shiga, ta ƙauye kuma hedimasta ne da mutum biyu suke riƙe da aji shida, ya ba wa 'yan aji 3 kwafi ya ce monita ya rubuta sunan masu surutu ya ruga aji 5. Wanda yake da wani a sama ba ya yarda a tura shi daji, malamai mata kuma yawanci suna inda mazajensu suke, wato cikin gari, alhali ƙauyen ne ya fi buƙatar mace a gaban aji don iyaye su saki jiki da 'ya'yansu mata da suka fara girma. Wanda aka tura ƙauyen ma yawanci ba a can yake kwana ba, kullum sai ya sha mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin zuwa aiki ya zama wani babban kaso na albashin ƙaramin malami, shi ya sa za ka ji ana raba kwana, kai ka je Litinin da Talata ni na je Laraba da Alhamis. Ba na goyon bayan haka ko kaɗan, amanar yara ce, amma wanda zai gyara sai ya san daga ina abin ya taso. An yi ƙoƙarin cike giɓi da 'yan N-Power, a Jigawa kuma da shirin jihar na ɗaukar malaman wucin gadi, wato J-Teach, Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, duk da haka tambayar da ta shafi kwatanta makarantu ita ce, a cikin waɗanda aka ɗauka nawa ne suka isa makarantar da ba ta bakin titi. Yaran da suka fi buƙatar malami su ne suka fi rashinsa, sannan a dawo a ce makarantarsu ce ta ƙarshe.

Wani abu kuma da ya canza a 'yan shekarun nan, ita ma Santaral ɗin ba yadda aka san ta take ba. Makarantun kuɗi sun shigo har ƙananan garuruwa, masu hali sun kwashe 'ya'yansu, har da wasu malaman gwamnatin kansu. Don haka in ka ji ana cewa makarantar nan da can tana fitar da zaƙaƙurai yanzu ta lalace, wani lokacin gaskiya ne ta lalace, wani lokacin kuma malaman su ne dai na da, yaran da suke shigowa ne suka canza. Haka nan in makarantar kuɗi ta fi ta gwamnati maki ba lallai koyarwarta ce ta fi ba, ita tana zaɓar wanda zai iya biya, ta gwamnati kuwa dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Yanzu kar wani ya ɗauki duk wannan ya mai da shi mafaka, ya ce ai yaranmu 'ya'yan talakawa ne me za a yi. Wannan ma zalunci ne, kuma shi na fi jin tsoro, domin daga ranar da malami ya yanke a ransa cewa ɗan ƙauye ba zai iya ba to ya daina koyar da shi ko da yana shiga aji. Akwai ƙauyuka biyu maƙwabta, sana'a ɗaya, talauci ɗaya, nisa daga kwalta ɗaya, amma ka tarar 'yan aji 4 na ɗaya suna karanta labari da Hausa, na ɗayan kuwa harafi ma sai an yi da gaske. A nan ne ake ganin aikin makaranta tsantsa, kuma in ka bincika yawanci za ka samu hedimasta ne da yake zuwa kafin kowa, ko malami ɗaya ɗan garin da yake jin kunyar a ce yaransa ba su iya ba, ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, mai rai, irin waɗanda aka farfaɗo da su a Kano da Jigawa lokacin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da ya fara a 2008, wanda dagaci yake leƙowa ya tambayi wane malami ne bai zo ba yau. Kwatancen da yake da amfani shi ne wannan, ƙauye da ƙauye irinsa, gari da gari irinsa. Kuma matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce, binciken MICS na 2021 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF ya nuna cewa a duk Najeriya kusan ɗaya cikin huɗu ne kacal na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da ginshiƙin karatu, lissafi ma kusan haka. Wato ita kanta makarantar da muke cewa ta fi, mai yiwuwa ta fi ne a cikin marasa lafiya.

To ta yaya za a auna? Ba ya buƙatar kwamfuta ko baƙi daga Abuja. Akwai wata hanya da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, an kuma gwada irinta a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA daga 2019, da 'yan aji 4 zuwa 6. Takarda ɗaya ce, a sama haruffa, sai kalmomi, sai ɗan sakin layi, sai gajeren labari, da Hausa. A kira yaro shi kaɗai, ba a gaban aji ba don kar ya ji kunya, a ce karanta nan, in ya wuce a matsa gaba, inda ya tsaya nan ne matakinsa. Lissafi ma haka, gane lamba, tarawa, ɗebewa, har zuwa rabawa. Minti kaɗan ne kowane yaro. A yi a farkon shekara a rubuta, a sake yi a ƙarshe da yaran nan dai, kowa da kowa har da mai zuwa ƙarfe goma, sai a ga yara nawa ne suka tashi daga harafi zuwa kalma, nawa daga kalma zuwa labari. Makarantar da ta karɓi yara a ƙasa ta ɗaga su mataki biyu ta yi aiki fiye da wadda ta karɓe su sun riga sun iya ta bar su a inda suke, ko da ta biyun ce take da ɗan da ya tafi Kiyawa.

Kusa da wannan sakamakon sai a rubuta sauran bayanan, yara nawa ne a rajista, nawa aka ƙirga da ido ranar Talata da ranar kasuwa, maza nawa mata nawa a aji 1 da kuma aji 6, nawa ne suke tahowa daga ruga ko ƙauyen da ya wuce tafiyar rabin awa, malamai nawa aka turo nawa suke zuwa, akwai ruwa da banɗakin da 'yan mata za su iya shiga ko babu. Rabin waɗannan ma ana tattara su duk shekara a fom ɗin ƙidayar makarantu da hedimastoci suke cikewa a tura wa ofishin sakataren ilimi daga nan zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, matsalar ita ce suna tafiya sama ba sa dawowa ƙasa, uban yaro bai taɓa ganinsu ba, shi kansa shugaban SBMC sau da yawa bai gani ba. Ya kamata a ce kowace makaranta an liƙa nata a bangon ofishin hedimasta da Hausa, kusa da na makarantu uku ko huɗu masu irin yanayinta a ƙaramar hukumar, kuma duk lokacin da za a turo sababbin malamai ko a raba kuɗin gyaran aji daga tallafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, kansila da hakimi da 'yan kwamiti su zo da wannan takardar a hannu su tambayi sakataren ilimi wace makaranta aka fara ba wa kuma saboda me.